Kamu Ɗaya da Taƙi Daga Likkafanin Inna

Na san kun ji labarin nan tun kuna ƙanana, kuma na san ba daga bakina kuka ji shi ba. A gidan baffanku Sale kuka tsince shi guntu-guntu wajen wasa da 'ya'yansa, wai ubanku ya yanki likkafanin uwarsa ya ɗinka wa gwamnati tuta. Babu wanda ya taɓa tunkarata da maganar a cikinku, na kuma gode da wannan kara da kuka yi mini. Amma yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya, ba na so in tafi in bar ku da rabin zance. Abin da aka faɗa muku gaskiya ne. Akwai kuma wanda ba a faɗa muku ba, shi ya fi muni, shi ne zan rubuta a nan.

A lokacin ni ne hedimastan firamaren Rijiyar Ɗorawa, ƙauyenmu da ke tsakanin Maigatari da Ɗanzomo. Aji uku ne, malamai biyu sai ni. Idan na ce muku ina son aikina ban faɗi komai ba, hauka nake yi a kansa, musamman abin da ya shafi ƙasa. Yaro ya kasa lissafi ina iya yi masa haƙuri, amma ya motsa ƙafa ana rera taken ƙasa, ranar sai ya gane kurensa. Na koya musu kore noma ne, fari zaman lafiya. Na koya musu tuta ba ta taɓa ƙasa, ba a goge hannu da ita, ba ta kwana a sama. Da hannuna na zana tambarin ƙasa a bangon ofis, da gawayi da farar ƙasa da ɗan jan fenti: garkuwa baƙa, gaggafa a sama, dawakai biyu a gefe, koguna biyu sun haɗu a tsakiya. Mutanen gari suka sa wa dawakan suna jakan Hedimasta, kuma ban ga laifinsu ba, kunnuwan sun yi tsawo. Yaran ba su taɓa ganin kogi ba, sai na ce musu kududdufi ne mai tafiya. Sau ɗaya a shekara ina jera su mu taka har turken siminti da ke nuna iyaka, a tsakiyar gonar geron wani tsoho da ke ɗaure akuyarsa a jikinsa. In dafa turken in ce, nan ƙasarmu ta ƙare, can ta wasu ce. Rabin yaran kuwa kakanninsu suna can ɗin, suna iya hango rufin rumbunansu daga inda muke tsaye.

Kakarku Inna ma daga can aka kawo ta, daga wani ƙauye a wajen Dungas. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa makaranta ba, lakwal take cewa, kuma ba ta taɓa yarda wani turke ya raba ta da ƙannenta ba. Ni ne autanta, don haka tana da bakin tsokanata. Kusan kullum na dawo gida sai na same ta a gindin darbejiya tana tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa.

"Auta, yau ma an gai da tsumman?"

"Tuta ce, Inna."

"To, ya amsa?"

Sai ta yi dariyarta, ni kuma in shige ɗaki ina jin haushi, ina cewa a raina jahilci ne. Allah ya yafe mini wannan ma.

Inna ba ta da dukiya, amma tana da abu ɗaya da ta fi ƙauna a duniya. Shekaru ta yi tana kiwon awaki har Allah ya kira ta ta sauke farali, kuma tsarabar da ta yo wa kanta farin yadi ne, kamu goma sha biyar. Ta tsoma shi a zamzam da hannunta, ta shanya shi a can, ta naɗe shi ta ɗora a ka har gida. Yana cikin adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, da kajiji a tsakanin ninkinsa. Duk kaka, idan an gama shigar da hatsi, takan fito da shi ta sha masa iska, ta auna shi da hannunta daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana ƙirgawa a fili. Idanunta sun riga sun yi rauni, amma hannunta ba ya kuskure. Takan ce da mu, ni da Yaya Sale, gida ta gina, ta gama rufi, jiran ranar tarewa kawai take yi. Kowa a gidan ya san wannan, har kaji sun sani.

A shekarar da nake ba ku labari, iskar farkon damina ta yaye rufin aji biyu. Yara suka koma ƙarƙashin ɗorawa, ruwa ya zo a tashi, rana ta take a tashi. Na rubuta takarda har na gaji. Sai ga wasiƙa ranar wata Asabar, bayan ta kwana bakwai a aljihun wani ɗan acaɓa, wai ranar ɗaya ga Oktoba manya za su zaga makarantun yankin, kuma wadda ta fi kyan fareti ita za a fara yi wa gyara. Ranar kuwa jibi ce. Fareti ba na jin tsoronsa, yarana sun iya. Tutar ce matsala. Wadda muke da ita rana da iska sun cinye ta, koren ya koma ruwan toka, farin ya tsage ya zama igiyoyi. Na ruga wurin Ɗanlami tela. Kore yana da shi, ragowar kayan makaranta. Fari ne babu ko ƙyalle, Mauludi ya kwashe, kasuwar Maigatari kuma sai Alhamis.

"Kamu ɗaya da taƙi nake so, Hedimasta," in ji shi. "Ko ka kawo farar babbar rigar nan taka, bayanta kaɗai ya ishe mu har da saura."

Na yi dariya na ce ya bar wasa.

Ku tsaya a nan ku karanta da kyau, don wannan ne abin da baffanku bai sani ba. Ina da farar riga. Ita kaɗai ce mai kyau da nake da ita, kuma ita na yi niyyar sawa a gaban manya. Ina kuma da keke, da na taka zuwa Gumel ranar Lahadi da na samo yadin na dawo kafin magariba, amma na ce ba zan bar gwajin fareti ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina babu wata hanya. Hanya biyu ce a buɗe, na rufe ido na bi ta uku. Na ji tausayin rigata, ban ji tausayin uwata ba.

Da hantsin Lahadi Inna ta tafi suna maƙwabta. Na shiga ɗakinta na jawo adakar. Ƙanshin kajijin nan har yau idan na ji shi a jikin wata tsohuwa sai in ga kaina a gaban adakar nan. Ina cikin warware yadin sai ga mahaifiyarku a bakin ƙofa da faifai a hannu.

"Malam, me kake nema a adakar Inna?"

Na gaya mata. Na ce kamu goma sha biyar ne, Inna kuwa 'yar ƙaramar mace ce, ko an rage biyu zai ishe ta har ya yi saura. Na ce don yara ne, don rufi ne.

"Ka jira ta dawo ka tambaye ta mana."

"Za ta hana."

"To ashe ka san amsar," in ji ta.

Ta juya ta koma bakin murhu. Ni kuma na sa almakashi. Na yanke shi daidai, na ninke sauran yadda na same shi, na mayar da kajijin wurinsa kamar ɓarawon da ya san aikinsa.

Tutar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ranar Litinin da ta hau sama, farin nan yana ƙyalli tsakanin kore biyu, sai da idona ya kawo ruwa. Yara sun zo tun da sassafe, an wanke musu kaya, an shafe ƙafafu da man gyaɗa. Mun share fili, mun jera duwatsu mun shafa musu farar ƙasa, mun aro kujeru daga gidan dagaci. Na sa farar rigata. Muka jira. Hantsi ya yi, muka sake gwada fareti don kada ƙafa ta yi sanyi. Rana ta take, yara biyu suka faɗi, aka kai su inuwa aka yayyafa musu ruwa. Iyaye mata da suka leƙo ta kan danga suka fara komawa ɗaya-ɗaya. Sai bayan azahar wani ya zo a kan babur, ko sauka bai yi ba, ya ce manya sun yi taronsu a hedikwata sun watse, ba za a zaga ba bana. Na sa yaran suka rera taken ƙasa ga kujerun dagaci, babu kowa a kansu, sannan na sallame su. Rufin nan har na bar aiki ba a gyara shi ba.

Da na yi hankali, da a daren ranar na farke tutar na mayar wa mai abu abinta. Ban yi ba. Na ce ai an riga an yanka, kuma makaranta ba ta zama babu tuta. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kaka ta yi, aka shigar da gero, wata Juma'a da la'asar na dawo na tarar da Inna a kan tabarma da yadin a cinyarta. Ta auna ya fi sau uku, in ji mahaifiyarku. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in zauna, na zauna.

"Auta, goma sha uku da 'yan kai nake samu. Ko hannuna ne ya ƙara tsawo?"

Ta shafa bakin yadin, inda almakashi ya bi.

"Wannan ba ɓera ba ne. Ɓera ba ya yanka a miƙe."

Na faɗa mata komai, ban da zancen rigar. Na jira ta zage ni, na so ta zage ni. Sai ta daɗe tana kallon wajen da makaranta take, kamar tana iya hangowa.

"Ashe ni nake ta kaɗawa a can sama, yara suna gaishe ni ban sani ba," in ji ta. Ta ɗan yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Da ka tambaye ni, da na hana ka. Amma da ka tambaye ni, Auta."

Ranar Alhamis na je Maigatari na sayo farin yadi mafi kyau a kasuwar, kamu ashirin, na ajiye a gabanta. Ta taɓa shi, ta shinshina, ta tura mini abina.

"Wannan ya je Makka?"

"A'a, Inna."

"To kai wa Ɗanlami ya yi muku tsummanku da shi. Ni nawa nake so. Ko ya tsufa, ko ya yi datti, ka kawo mini. A cike na zo da shi, a cike nake so in tafi da shi."

Kun ga ta ba ni mafita a hannu. Yadi ga shi, tela ga shi, aikin yini ɗaya ne. Na kai wa Ɗanlami, ya ce keken ɗinkinsa ya lalace, sai an kawo wani ƙarfe daga Gumel. Na ce to. Ban matsa masa ba, ban nemi wani tela ba, ban ɗauki allura na yi da kaina ba. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Idan na sauke tutar kwana biyu yara za su tambaya, malamai za su tambaya, zancen zai fita gari. Na ce a bari sai an yi hutu, saura mako biyar kawai, in yi abina babu mai gani. Inna kuwa lafiyarta ƙalau, tana cin tuwonta, tana zuwa unguwa. Ba ta sake yi mini maganar ba, ba ta kuma sake tsokanata ba. Idan na dawo sai ta ce sannu da zuwa, shi ke nan. Na ɗauka ta haƙura.

Saura kwana tara a yi hutu zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyu ta yi a kwance, kowa ya ce na shigowar sanyi ne. A safiya ta uku na leƙa ta tana barci, na tafi aiki. Muna kan layi, an ɗaga tuta, an gama taken ƙasa, ina duba farcen yara, sai na ga maƙwabcinmu ya tsaya a bakin fili ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban tambaye shi ba, na san abin da ya kawo shi.

Ban san lokacin da na isa gindin sandar tutar ba. Na fizge igiyar, tutar ta zubo ta faɗi a ƙasa, a gaban yara sama da ɗari da na sha duka a kan kada su bari ko gefenta ya taɓa ƙasa. Na durƙusa a kanta da rezar fiƙe fensir ina farke ɗinkin, ina yanka har da koren. Da na miƙe da farin a hannu, Hajjo, wata yarinya daga rugar gabas wadda ita ke jan igiya a makon, ta tsince koren biyu ta kakkaɓe su a jikin zanenta.

"Malam, in mayar da waɗannan sama?"

Na bi hanyar gida da gudu, ni da ban taɓa gudu a gaban ɗalibi ba.

Sai a zaure na dubi abin da ke hannuna. Wata biyu da rabi a rana da iska. Ya yi ruwan ƙasa, bakinsa ya zare, ga tsatsar ƙarfe, ga kashin tsuntsaye. Maza sun taru, liman yana yanka likkafanin, Yaya Sale yana riƙe masa gefe. Na miƙa ƙyallen na ce a haɗa da wannan, nata ne. Yaya ya dubi ƙyallen, ya ga zaren kore a gefensa, ya dubi yadin da ke hannun liman. Shi mai sayar da hatsi ne, ido ɗaya yake yi wa abu ya san an rage.

"Habu, mene ne wannan?"

Na faɗa, a gaban kowa.

"Wasiyyarta ce, Yaya. Ta ce ko ya yi datti a kawo mata. A ba ni minti kaɗan in wanke."

"Wata biyu kana ina?" Muryarsa ba ta tashi ba, irin ta Inna ce. "Ba za a rufe uwata da abin da aka buga wa ganga ba. Fitar mini da shi."

Liman ya ce abin da ke nan ya wadatar, ga kabari an gama, gawa ba ta jira. Dattawa suka ce haka ne. Aka yanka, ya ishe ta kuwa har da saura, kamar yadda na lissafa. Lissafina bai yi kuskure ba ko kaɗan. Na bi gawar uwata zuwa maƙabarta da guntun likkafaninta a aljihu. Tun daga ranar Yaya Sale bai sake kiran sunana ba. Muna gaisawa a masallaci da wajen jana'iza, kamar mutanen da suka taɓa haɗuwa a mota.

Na ƙara shekara goma sha ɗaya ina koyarwa. Ɗanlami ya gyara kekensa, ya ɗinka sabuwar tuta da yadin Maigatari, muka ci gaba da ɗagawa da saukewa. Na ci gaba da cewa kore noma ne, fari zaman lafiya, amma da baki kawai, kuma yara suna gane malamin da ya daina yarda da abin da yake faɗa. Ban sake dukan kowa a kan layi ba. Ban sake kai su turken iyaka ba. Yaran da suka tsaya a rana a wancan Oktoba, yawancinsu ba sa garin, wasu suna tura ruwa a birane, wasu sun bi hamada ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bangon da na zana tambari ya faɗi damina uku da suka wuce. Kwanan baya jikata ta zo tana rera mini taken da aka dawo da shi, irin wanda muka koya muna yara, ta ce in gaya mata ma'anar launukan tuta an ba su aikin gida. Na gaya mata yadda yake a littafi. Ba na ce muku ku ƙi ƙasarku ba. Ni dai na ba ta abin da ba nawa ba, ita kuma ko saukowa daga mota ba ta yi ta gani ba.

Ƙyallen yana nan a adakar Inna, a ƙarƙashin gadona. Na wanke shi ya fi a ƙirga, tsatsar ba ta fita ba. Kada ku sa shi a likkafanina, ba nawa ba ne. Na tambayi malamai uku a kan rufe Inna babu shi, duk sun ce babu komai, yadi yadi ne, Allah ba ya duba wannan. Na yarda da su. Amma ba Allah ne ya ce in kawo ba, ita ce.

Shekaru na rayu da ɗan sauƙi guda, cewa ta haƙura, tunda ba ta sake tambayata ba. Mahaifiyarku ce ta karɓe mini shi, a ciwonta na ƙarshe, don ta ce ba za ta iya tafiya da wannan sirrin ba. Ashe ni ne kawai Inna ba ta tambaya. Kullum da la'asar, idan ta ji ƙarar kekena a zaure, sai ta kira mahaifiyarku a hankali ta ce, ya kawo? Mako huɗu ba fashi. A safiyar ƙarshe, bayan na fita, ta farka, iska tana kawo muryoyin yara daga makaranta. Ta saurara har suka gama. Sannan ta kama hannun mahaifiyarku.

"Ya kawo?"

Mahaifiyarku ta ce ba ta taɓa yi wa Inna ƙarya ba sai ranar.

"Yana hanya, Inna."

"To," in ji ta. "Bari in jira shi."